Kwali na Sittin da Uku

Ranar Alhamis da safe aka ƙirga kwalayen takardun Onarabul Garland Ratliff, aka tarar ɗaya babu. Ɗari biyu da goma ne aka jera a ɗakin ajiya na ɗakin karatun garin Harkins. An ƙirga sau uku, ɗari biyu da tara ake samu, ga gurbin na sittin da uku nan a fili. Ƙofar baya kuma a buɗe, iska tana wasa da ita.

Shekara ashirin da biyu Onarabul ya yi a majalisar tarayya yana wakiltar duwatsun nan, kuma bai taɓa yar da takarda ba. Komai yana cikin kwalayen: ƙudirinsa da ya sa gwamnati ta fara kula da masu haƙar kwal da ƙura ta cinye wa huhu, jawabansa, da wasiƙun talakawa. Akwai ta wata tsohuwa da ta aiko masa da haƙorinta a ambulan don ya ga irin ruwan da suke sha. Akwai ta mutumin da saniyarsa ta haifi maraƙi mai kai biyu, yana tambaya ɗaya gwamnati za ta ƙirga shi ko biyu. Iyalinsa sun ba jami'ar jiha kyautar takardun, an sa hannu, ranar Litinin mota za ta zo ta kwashe. Wato sun zama kayan jiha, wanda ya taɓa su sai gaban alƙali.

Kafin rana ta take, shagon aski ya yanke hukunci: Oleta Begley ce, mai kula da ɗakin karatun. Ba a ɓalle ƙofa ba, daga ciki aka zare sakata, ita ce kuma ta ƙarshen fita. Ga tsohuwar gaba. Lokacin da Onarabul ya kawo dam ɗin da ruwansa ya shanye ƙauyen Cane Bottom, gonar uban Oleta na cikin abin da ya nutse, kuma kowa ya san tsohon ya taɓa tofa wa Onarabul yawu a bainar jama'a. Kwalin da ya ɓata kuwa na shekarar dam ne.

Lonnie Spurlock, shugaban 'yan sandan gundumar, ya hau dutse da motarsa ya ɗauko Emory Tackett. Emory bai wuce aji huɗu ba, amma shekara hamsin yana karanta ƙasa: barewar da aka harba ta gudu, maharbin da ya ɓata, tsohuwar da hankalinta ya gushe ta shiga daji. Yakan ce a sawun mutum ana ganin har abin da yake tunani.

"Kawu Emory, in ba a ga kwalin nan kafin Litinin ba, dole in kama ta," in ji Lonnie a hanya. "Ita ta koya mini karatu, amma ya zan yi?"

"Ta koya maka dai, kai ne ba ka ɗauka ba," in ji Emory. "Tuƙa."

*

An yi ruwa ranar Laraba daga la'asar har faɗuwar rana, ya wanke kusan komai. Sai dai ƙarƙashin bakin rufi, inda jar laka ta bi jikin bango kamar zare, nan ruwa bai kai sosai ba. Emory ya durƙusa a wurin ya daɗe, har Lonnie ya fara ƙosawa.

"To, me ta ce maka, ƙasar?"

"Ga inda kwalin ya zauna, dab da ƙofa. Turo shi aka yi daga ciki, ga jan gindinsa. Ga sawu ya biyo bango daga ƙofar gaba, mara nauyi. A nan ya sunkuya. Daga nan sawun ya yi nauyi, ya nufi tsakuwar da ake ajiye motoci, ya ɓace."

"Na waye?"

"Takalmin zuwa coci ne, mai sulɓin ƙasa, ruwa ya ci gefensa. Rabin garin nan suna da irinsa."

Daga ciki, ƙurar farar ƙasa ta kwanta a daɓe tun gyaran bango da aka yi. Emory ya nuna masa wani wuri dab da dokin ƙofa inda ƙurar ta dagule.

"Ya tsaya a nan yana diri-diri. Gaba, baya, gaba, baya. Amma ƙafarsa ba ta tsallake ba. Ya juya, ya fita ta gaba, ya zagayo cikin ruwa."

"Shi ke nan ai. Ta turo, ta kulle gaba, ta zagayo."

"Lonnie, ita kaɗai ce a ginin, mukullai a hannunta. Me zai sa ta sha ruwan sama alhali taku biyar ne daga nan zuwa mota?"

"To, wani ne mai wayo, yana so a ga ya fita hannu rabbana."

"Mai wayo sai ya mayar da sakata. Wannan ya bar ƙofa hangame."

Lonnie ya sosa ƙeya. Emory ya ci gaba da kallon ƙurar.

*

Oleta tana zaune a teburinta, baya a miƙe, idanu jajir. Tare suka yi makaranta da Emory a Cane Bottom, kafin ruwan dam ya shanye ƙauyen.

"An aiko ka ka shinshina ni, tsohon kare?"

"Na shinshina, ba ke ba ce. Wa ya shigo jiya da yamma?"

"Mutum uku. Dokta Pruitt na jami'a. Maxine, 'yar Onarabul. Da Ɗan'uwa Hobart, ya zo buga takardun waƙoƙin Lahadi. Duk sun leƙa ɗakin ajiya, duk sun fita ta gabana hannu wayam. Na faɗa wa Lonnie haka, sai ga shi da bakina na ɗaure kaina." Ta cire tabarau ta goge. "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa tafiya gida ban duba ƙofar baya ba sai jiya, ina sauri in sayo furen kaburbura kafin a rufe kanti. Yau da safe matar mai yankan nama ta gan ni ta tsallaka titi, Emory. Ni, Oleta."

Lahadi mai zuwa ce ranar gyaran kaburbura, da mutanen Cane Bottom ke dawowa daga ko'ina su share, su sa fure, su ci abinci a gindin itatuwa a sabuwar maƙabarta, wadda aka kwaso matattunsu aka kai kafin a tare ruwa.

*

Dokta Alden Pruitt yana masaukin baƙi na bakin hanya. Takalminsa duk jar laka, ga kuma kwali a bayan motarsa an rufe da bargo. Lonnie har ya kai hannu ga ankwa. Da aka buɗe, kwalaben zuma ne guda shida, a wurin mai zumar kuma ya kwaso lakar.

"Ni da za a kawo mini su har ofis ranar Litinin, me zai sa in sata?" in ji Dokta Pruitt. "Ban ma karanta na ciki ba. Sunayen jakunkunan takardu kawai na rubuta, jaridarku ta buga jerin makon jiya."

"Me da me ke cikin na sittin da uku?" in ji Emory.

"Taswirar dam. Jawabin buɗewa. Wasiƙu kan kwashe kaburbura. Da wata siririyar jaka da Onarabul ya rubuta wa da hannunsa, 'Kada a ba da amsa.' Wannan kam na so in gani."

*

Ranar Juma'a Emory ya tarar da Hobart Slone a maƙabarta yana yanke ciyawa. Dattijon coci ne, ɗan shekara saba'in, siriri kamar sanda. Tun yana saurayi yake haƙa kabari, shi da wasu samari aka ba aikin kwaso matattun Cane Bottom, kuma tun daga lokacin shi ke jagorantar ranar gyaran kaburbura, bai taɓa fashi ba.

"Ɗan'uwa Hobart, ka ga wani abu ranar Laraba?"

"Na ga ruwa. Na buga takarduna na tafi."

"Za su kama Oleta."

Hobart ya kashe injin yankan ciyawar. Ya daɗe yana kallon tafkin da ke shimfiɗe can ƙasa, shiru, kore shar.

"Ba za su kama ta ba. Allah ba zai bari ba."

"Allah dai ba ya cikin masu sa hannu a takardar Lonnie."

"Saɓo ba kyau, Emory," in ji Hobart, ya sake tayar da injin.

*

Gidan Onarabul yana kan tudu, yana kallon tafkin da aka sa wa sunansa. Maxine ce ta buɗe, mace mai kaifin baki da ta girma a Washington.

"Na san abin da ya kawo ka, Malam Tackett. E, na nemi a cire wasu takardu kafin a ba jami'a, lauya ya ce an makara. Amma ni ba na ɗaukar kwali. Dubi farcena."

"Waɗanne takardu?"

"Wasiƙunsa da wata mata da ba uwata ba. Suna cikin na ɗari da huɗu, in kana son karatun soyayya."

Onarabul yana baranda a keken guragu, shekara tamanin da tara, bargo a gwiwa. Bai gane Emory ba, amma ya miƙa masa hannu irin na masu neman ƙuri'a. Da ya ji an ambaci dam, sai ya miƙe wuya, muryar da ta cika zauren majalisa ta dawo masa.

"Ya shugaban majalisa, ina shaida wa wannan zaure cewa ba mu bar ko ƙashi ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba! Kabari ɗari uku da goma sha biyu, duk mun kwashe da mutunci!"

Sai yawu ya zubo masa. Maxine ta goge.

"Kullum haka, wannan jawabin kaɗai ya rage masa." Iska ta taso, ta juya keken za ta shigar da shi ta ƙofar falo da ke kusa. Tsohon ya damƙe ƙafar keken da hannu biyu, ya kama kururuwa.

"To, to, Baba, na ji!" Ta dubi Emory. "Ta kicin muka fito, sai ta kicin za mu koma. Sunana ya manta, amma bai manta wannan camfin naku na ƙauye ba. Wai ƙofar da ka bi ita za ka sake bi, in ka sauya ka jawo wa gida mutuwa. A Washington ma haka ya riƙa ba mu kunya, ya zagaye ginin majalisa kaf don ya fita ta inda ya shiga."

Emory ya tsaya da hula a hannu. Shi ma haka kakarsa ta rene shi, shi ma bai taɓa saɓawa ba, har ya daina lura yana yi. Ya sauko daga tudun a hankali.

*

Asabar da hantsi Lonnie ya tara su a ɗakin karatu: Oleta, Dokta Pruitt, Maxine, da Hobart cikin tsohuwar rigarsa ta aiki. Duk ta ƙofar gaba suka shigo. Emory kaɗai ya riga su, ya shigo ta baya.

"Ba dogon zance zan yi ba," in ji shi. "Akwai abin da nake so kowa ya gani a waje. Ku biyo ni."

Ya buɗe ƙofar baya ya fita. Dokta Pruitt ya biyo shi yana tattare wando. Maxine ta tsallake tana tsaki saboda laka. Oleta ta fito, Lonnie a bayanta. Suka tsaya suna kallon ƙasa, ba su ga komai ba.

"Ina abin?" in ji Maxine.

Emory ba ƙasa yake kallo ba. Hobart yana tsaye daga ciki, yatsun takalminsa dab da dokin ƙofa. Ya matso, ya ja baya, ya matso.

"Bari in zagayo," in ji shi.

"Taku ɗaya ne, Ɗan'uwa Hobart."

"Ka san ba zan iya ba, Emory. Ta gaba na shigo."

"Na sani. Ranar Laraba ma ta gaba ka shigo. Dubi ƙurar da ke ƙarƙashinka."

Hobart ya sunkuyar da kai. Sabon dagulin ya hau kan tsohon, wuri ɗaya, faɗi ɗaya. Sai Hobart ya zauna a kan wani kwali, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Kwalin yana ƙarƙashin benen coci, bayan kujeru. Ban ƙona ba. Na kunna ashana sau biyu."

"Don me, Ɗan'uwa Hobart?" in ji Lonnie. "Kai fa ka binne ubana."

"Shekarata ashirin da biyu a lokacin. Mun kwashe ɗari biyu da sittin da biyar, sai aka ce za a rufe dam kafin zaɓe, saura kwana tara. Ruwan sama ba tsayawa, ƙasa ta zama kunu. Shugaban aiki ya ce mu tumɓuke duwatsun shaidar sauran kaburburan mu kai sabuwar maƙabarta mu kafa, mu tara ƙasa, wa zai tona ya duba? Muka yi. Daren da muka gama na rubuta wa Onarabul wasiƙa da sunayensu duka, arba'in da bakwai, na roƙe shi ya ƙara mana wata ɗaya. Ban ji amsa ba. Sai a rediyo na ji shi yana cewa ba a bar ko ƙashi ɗaya ba."

Maxine ta juya ta fuskanci bango.

"Da na ga jerin a jarida, na ga 'Kada a ba da amsa,' na san ita ce. Shekara arba'in da takwas ina tsayawa gaban mutane ina jan waƙa a kan ƙasa wayam. Na ce a bar ni in mutu tukuna." Ya ɗago ya dubi Oleta. "Ban yi zaton ke za a ɗora wa ba, 'yar'uwa. Na yi nufin in zo in faɗa bayan Lahadi."

"Bayan Lahadi," in ji Oleta.

*

Lonnie ya tafi da Hobart a mota, ta ƙofar gaba, ba ankwa. Ya dawo shi kaɗai da kwalin ya aza a teburin Oleta, ya cire hula.

"Malama Oleta, ki yafe mini. Zan bi shagon aski da kantin nama in faɗa da bakina."

"Ka fara da matar mai nama. Je ka."

Suka rage ita da Emory. Aikinta ne ta duba ko kayan sun cika kafin Litinin, don haka ta sa tabarau ta bi jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Taswira. Jawabi. Wasiƙu. Sai siririyar jakar. Takarda biyu ce a ciki, ta littafin makaranta, rubutun fensir manya-manya. Ta aza yatsa tana bin sunayen. A ƙarshen shafin farko yatsan ya tsaya.

"Inna," in ji ta. "Da ƙanina Dewey, jaririn."

Ta zauna a hankali. A bayan teburin ga furannin roba da ta sayo ranar Laraba, jajaye da farare, ba a ko kwance su daga leda ba. Ta daɗe tana kallon su.

"Shekara da shekaru ina yi mata hira a maƙabartar can sama, Emory. Har labarin aurena na ba ta a can."

Emory yana tsaye yana murza bakin hularsa. Shi ma uwarsa da kakarsa a Cane Bottom aka binne su.

Oleta ta share ido da bayan hannu, ta ɗaga shafi na biyu.

"Akwai sauran sunaye ashirin. In duba maka?"

Emory ya dubi takardar. Daga inda yake tsaye yana ganin layukan fensir, amma ba ya iya rarrabe haruffan. Ya sa hularsa.

"Bar shi sai Litinin," in ji shi. "Na riga na share musu kaburburansu don gobe."